Babi na Bakwai: Wa Ya Ba Shi Izinin Gina Kanti a Layinmu?

Tambayar takan taso ne ranar da tifa ta sauke yashi. Gida ne da aka sani shekara da shekaru da iyali a ciki, magada suka sayar, aka kware rufin, sai ga leburori suna haƙa rami mai zurfin da gidan kwana ba ya buƙata. Kafin la'asar labari ya zaga layi: kanti za a yi, bene hawa biyu, ƙasa kayan masarufi, sama atamfa da takalma. Bayan sallar magariba dattawa su yi cirko-cirko a ƙofar masallaci, wani ya ce, "Wai wa ya ba shi izini?" Wani ya ɗora da cewa, "Mu da muke zaune a nan, ba za a ko tambaye mu ba?"

Duk wanda ya zauna a Kano, a Tarauni, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko Hotoro, ko Rijiyar Zaki ya ji irin wannan zance. Titin Gidan Zu da Titin Zariya sun daɗe da zama kasuwa, yanzu kuma shaguna da filazoji na kutsawa cikin layukan da ke bayansu. Tambayoyin dattawan nan biyu ne, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko tana da amsa a rubuce. Ta biyun ita ce inda gizo ke saƙa.

Fili naka ne, amma da sharaɗi

Mai sayen gida yakan ce, "Kuɗina na sa na saya, in yi abin da na ga dama." Doka ba ta yarda da shi ba. Tun 1978, lokacin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi a birni shi ne haƙƙin zama da amfani, galibi na shekara 99, kuma takardar mallakar da ake ba shi tana ɗauke da layi guda da mutane da yawa ba sa kula da shi: dalilin da aka ba da filin. Ko na gidan zama ne, ko na kasuwanci, ko na masana'anta, ko na makaranta.

Wanda ke da takardar gidan zama, in yana son kanti, dole ya koma wurin gwamnati ya nemi a sauya wannan dalili, ya biya kuɗin da aka yanka masa. Wannan mataki ɗaya ke nan. Na biyu shi ne izinin ginin kansa, wanda a Kano ke hannun Hukumar Tsara Birane ta Jiha, wato KNUPDA, wadda dattawa suka fi sani da tsohon sunanta, KASEPPA. Takardar fili daban, izinin gini daban. Mutum na iya mallakar ta farko ba tare da ta biyu ba, kuma yawancin rigingimun unguwa daga wannan giɓi suke fitowa.

Akwai dokar tarayya ta tsara birane da aka yi a 1992, amma a 2003 Jihar Legas ta yi nasara a ƙarar da ta kai Gwamnatin Tarayya gaban Kotun Ƙoli, inda aka yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, in ban da Abuja. Ma'anar wannan ga mai ƙorafi a Kano ita ce ba sai ya ɗaga kai ya dubi Abuja ba. Masu yanke hukunci suna nan cikin gari, yana iya hawa A Daidaita Sahu ya je ofishinsu.

Abin da ake dubawa a fayil

Idan mai kanti ya bi hanya, zai kai kwafin takardar filinsa, da zanen ginin daga mai zana gine-gine, da lissafin injiniya kan ƙarfe da kankare, da taswirar da ke nuna inda filin ya zauna tsakanin maƙwabtansa. Jami'ai su je su ga wurin da idonsu. Su duba tazarar da ya bari tsakanin gininsa da titi, da tsakaninsa da katangar maƙwabci. Su duba ko ya hau magudanar ruwa, ko ya shiga ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Su duba ƙofofin fita idan gobara ta tashi, da wurin tara shara, da ramin bayan gida.

Sai kuma abin da ya fi komai haddasa faɗa, wato mota. Kanti ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da motocin masu saye, da A Daidaita Sahu da ke jiran fasinja a bakin ƙofa, da tirela ko kanta mai sauke katan-katan na taliya da madara, da 'yan dako, da mai shayi da mai tsire da za su kafa tebur saboda sun ga jama'a. Layin da aka yanka don motocin gida goma sha biyu ba zai ɗauki wannan ba. In zanen ya cinye filin kaf da shaguna bai bar wurin ajiye mota ba, to an riga an yanke cewa titi ne zai zama garejin kantin, kuma ƙofar gidan maƙwabci ce za ta zama wurin juya mota. Mai ginin ya ci ribar kowane taku na filinsa, layi ya biya kuɗin.

Wannan lissafi ba ɓoyayye ba ne. Kowane jami'in tsara gari ya san shi tun yana makaranta. Abin da fayil ba ya iya gaya masa shi ne abin da mazauna wurin kaɗai suka sani: cewa kwalbatin bakin layi yakan toshe duk watan Agusta, cewa Islamiyya tana tashi ƙarfe shida yara su cika titi, cewa taransifomar unguwa ta riga ta gaji tun kafin a jona mata firji ashirin.

Wane kuka ake saurara?

Ba kowane ƙorafi ne ke da nauyi ba, kuma wannan bambanci ya girmi KNUPDA da ƙarni da yawa. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, sun yi dogon bayani a kan cutar da maƙwabci, bisa ƙa'idar nan ta cewa ba a cuta kuma ba a rama cuta da cuta. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wanda har yau ake karanta shi a zaurukan Kano kuma alƙalai ke kafa hujja da shi, yana da fasali a kan haka. An ware cutar da ake hanawa: hayaƙi, wari, abin da ke raunana katanga, da leƙen cikin gida. An kuma ware wadda ba a hanawa, wato raguwar ciniki. Mai gidan burodi ba zai kai ƙara don wani ya gina tanda kusa da tasa ba, ko da kuwa masu sayensa sun ragu.

A Tunis, a ƙarni na goma sha huɗu, akwai wani magini mai suna Ibn al-Rami da alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya kuma tattara abin da ya gani a littafi. A cikin abin da ya kawo akwai rigimar shagon da aka buɗe daura da ƙofar gidan wani. Malamai da dama sun ga shago ya fi ƙofar gida cutarwa, don mai gida shiga yake ya fita, mai shago da abokan hirarsa kuwa zaune suke wuni guda, idonsu na kan duk wanda ya shiga ko ya fito. Wanda ya san yadda matan aure ke fasa fita unguwa saboda majalisar da ta kafu a ƙofar shagon da ke kallon zaurensu, ya san ba wasa malaman nan suke yi ba.

Har gwaji magini ya bayyana. Idan maƙwabci ya ce dutsen niƙan da dabba ke juyawa yana girgiza masa katanga, sai a rataye takarda da zare huɗu a jikin ginin, a zuba mata busassun ƙwayoyin iri ƙanana, a sa a juya dutsen. In ƙwayoyin sun motsa, ƙorafi ya tabbata. In ba su motsa ba, mai niƙa ya ci gaba da sana'arsa. Shekara ɗari bakwai ke nan, amma tunanin da ke ciki shi ne dai na yau: a auna cutar, kada a tsaya ga wanda ya fi ɗaga murya.

Abin sha'awa, Ingila ta iso kusan wuri ɗaya ta wata hanyar. Tun dokar tsara gari ta 1947, majalisar ƙaramar hukuma ce ke ba da izini, kuma akwai abubuwan da aka yarda kansiloli su auna: cunkoso, haɗarin hanya, ƙara, wari, tare haske, leƙe, ambaliya. Akwai kuma waɗanda ba sa shiga sikeli, irin su faɗuwar darajar gidan mai ƙorafi, ko tsoron da wani mai shago ke yi na rasa kwastomomi, ko halin mai neman izinin. Mutum ɗari biyar na iya sa hannu a takarda cewa ba sa so, a ajiye ta gefe, wasiƙa guda mai nuna cewa tirela ba za ta iya juyawa a layin ba ta sauya hukunci.

Wannan darasi ne mai ɗaci ga unguwanni, domin sau da yawa abin da ke ƙona rai daban ne da abin da doka ke ji. Mai tireda da ya shekara ashirin yana ba layi bashin sukari da omo yana da dalilin fargaba idan babban kanti ya sauka, kuma tausayinsa wajibi ne. Amma ba da wannan za a tsayar da gini ba. Janareta mai kwana yana ruri a jikin tagar ɗakin tsohuwa, wannan kam magana ce.

Ƙofar da maƙwabci zai shiga

A nan ne amsar tambaya ta biyu take. A Ingila, idan aka shigar da takardar neman izini, sai an sanar: ko a manna takarda a jikin wurin, ko a aika wa maƙwabta wasiƙa, babban gini kuma har a jarida. Ana ba da kwana 21 kowa ya rubuta ra'ayinsa, zanen ginin yana nan a buɗe ga mai son gani. In rigimar ta yi zafi sai a kai gaban kwamitin kansiloli a zaman da jama'a ke halarta, a ba wakilin maƙwabta 'yan mintuna ya yi magana, a ba mai gini nasa, a kaɗa ƙuri'a. Tsarin yana da nasa rashin adalcin, don in an hana mai gini yana iya ɗaukaka ƙara, in kuwa an ba shi, maƙwabta ba su da wannan dama sai dai doguwar hanyar kotu mai tsada. Duk da haka an ji su kafin a aza tubali.

Japan ta taɓa yin doka a 1973 da ke kare ƙananan shaguna daga manyan kantuna, tana ƙayyade faɗin kanti da lokacin rufewa. Amurka ta matsa lamba, aka sassauta, daga baya aka soke ta. Wadda ta maye gurbinta a 2000 ta bar zancen gasa, ta koma kan rayuwar maƙwabta. Duk kantin da ya haura murabba'in mita 1,000 sai mai shi ya kira taron bayani ga mazauna wurin cikin wata biyu da shigar da takardarsa, su kuma suna da wata huɗu su kai ra'ayinsu kan mota, ƙara da shara.

A Kano fa? A aikace, ba al'ada ba ce mutum ya wayi gari ya ga takardar hukuma manne a katangar gidan da ke kusa da shi tana cewa ga abin da ake son ginawa, ga ranar ƙarshe ta kawo ƙorafi. Zancen yakan tsaya tsakanin mai gini da ofis. Maƙwabci yana samun labari ne daga bakin birkila. Sai ya garzaya wurin mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ka ga abin da ake yi mana?" Mai unguwa ya kira mai ginin, shi kuma ya zaro takarda mai hatimi, ko ya ce tana hanya. Daga nan sai dagaci, sai hakimi, sai gidan rediyo, inda shirye-shiryen ƙorafin jama'a na dare suka zama wata kotu mai zaman kanta. In abin ya yi ƙara sosai, jami'ai su zo da jan fenti su yi alama a bango. A lokacin an riga an zuba dakin.

A da can, a tsohon birni ba haka abin yake ba, ko da yake babu fayil. Kasuwa tana da wurinta tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kurmi a ƙarni na goma sha biyar, marina da majema da maƙera kowa da ɓangarensa, kuma baƙo ba ya sayen gida a unguwa mai unguwa bai sani ba. Garin ya yi girman da wannan sani na ido da ido ba zai iya riƙe shi ba. Ofis ya karɓi ikon ba da izini, amma bai karɓi al'adar tambayar maƙwabci ba.

Dubawar da katafila ke yi

Idan ba a duba da biro ba, wata rana za a duba da katafila, ko ruwa ya duba, ko ginin ya duba kansa. Watan Agustan 2022 kaɗai ya ishi Kano misali. Ruwan sama ya shiga Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi da atamfa da ke ciyar da Afirka ta Yamma, ya jiƙa diloli na maƙudan kuɗi. 'Yan kasuwa da gwamnati duk suka nuna yatsa ga abu guda: gine-ginen da aka aza a kan hanyoyin ruwa da layukan kasuwa. Tsofaffin 'yan Kwari sun san inda ruwa ke bi tun ana dasa waɗannan shaguna. A ƙarshen watan kuma, ranar 30, bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a kasuwar waya ta Titin Beirut, alhali ana ciniki a ƙarƙashinsa, aka rasa rayuka.

Mafi girman misali shi ne na Filin Idi da ke Ƙofar Mata. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka yanka gefen filin aka gina shaguna, mutane suka saya, suka zuba jari. Jama'a da yawa sun yi ta gunaguni cewa ana cinye wurin sallah, amma gunagunin ya tsaya a rediyo da Facebook da majalisun hira, babu wani zama da aka tara masu so da masu ƙi a auna maganarsu. Sai zancen ya koma na siyasa. Abba Kabir Yusuf ya gargaɗi masu gini a filayen gwamnati tun kafin a rantsar da shi a matsayin gwamna ranar 29 ga Mayu 2023, kuma bai cika mako guda a ofis ba katafila ta fita. Aka rushe bene mai shaguna a Filin Sukuwa, aka rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, da na sansanin alhazai, da shagunan Filin Idi. Ɓata-gari suka bi baraguzai suna kwasar rodi da ƙofofi, har da kayan mutane.

Masu shagunan Idi suka tafi Babbar Kotun Tarayya da ke Kano. A watan Satumban 2023 kotu ta ce rusau ɗin ya saɓa doka, ta umarci gwamnati ta biya naira biliyan 30. A watan Disamba aka sasanta a kan biliyan 3.

Ko mutum jar hula yake sawa ko ba ya sawa, lissafin bai sauya ba. An kashe kuɗi an gina, an kashe kuɗi an rushe, an kuma ɗebi kuɗin jama'a an biya diyya. Ɗan kasuwar da ya sayi shago da takarda mai hatimin gwamnati ya yi asara, mai sallar Idi ya yi shekaru yana jin an ƙwace masa wuri, talakan da bai taɓa taka shagon ba shi ma ya biya ta asusun jiha. Da an manna sanarwa tun farko, an buɗe taswira, an saurari limamai da masarauta da 'yan kasuwa da mazauna Fagge da Ƙofar Mata, da ko dai ba a gina ba, ko an gina kaɗan a inda aka yarda, kuma da zai yi wa gwamnati mai zuwa wuya ta ce ba da sanin jama'a aka yi ba. Izinin da aka bayar a ɗaki a rufe yana mutuwa ne tare da mulkin wanda ya sa hannu.

Mai kanti ma yana da ta cewa

Kada a ɗauka maƙwabta ne kullum ke da gaskiya. Kano garin ciniki ne, da shi aka san ta, kuma unguwar da ta hana kowane shago ta ɗora wa matanta da tsofaffinta kuɗin mota zuwa kasuwar Singa ko ta Sabon Gari don sayen abin da ya kamata a samu a bakin layi. Kanti yana ɗaukar samari aiki, yana kunna fitila a lungun da da duhu ne, mai gadinsa ma wani tsaro ne. Wani ƙorafin kuma, in aka tona, hassada ce da ta sa rigar kishin unguwa, ko tsohuwar gaba tsakanin gidaje biyu.

Girman kanti kuma ba shi ne ma'aunin cutarwarsa ba. Katafaren rukunin kantunan Ado Bayero da aka buɗe a Titin Gidan Zu a 2014, inda Shoprite ya zauna har ya rufe a watan Janairun 2024, ya ninka kowace filazar unguwa sau da yawa, amma yana bakin babban titi, a cikin shingensa, da filin ajiye motocinsa. Ƙaramar filaza mai shago goma sha biyu da aka cusa a fulotin gida guda, babu wurin tsayuwar mota ko ɗaya, tana iya hana layi sakat fiye da shi.

Shi ya sa a wuraren da tsarin ke aiki, hukunci ba ya tsayawa kan "a yi" ko "kar a yi". Mafi yawan lokuta izini ake bayarwa da sharuɗɗa. A ja ginin baya a bar wurin mota. A mayar da ƙofar sauke kaya ɓangaren babban titi, a kuma ƙayyade sa'o'in da babbar mota za ta shigo. A gina wa janareta ɗaki nesa da katangar maƙwabci. Tagogin bene da ke kallon tsakar gidan mutane a ɗaga su sama ko a toshe. Mai ginin ya faɗaɗa kwalbati da kuɗinsa, ko ya kawo taransifomarsa. Duk waɗannan suna da araha a kan takarda. Bayan an zuba kankare, kowannensu ya zama rigima.

Mai jari mai hankali shi ya fi kowa buƙatar wannan zama. A 2004 kamfanin Walmart, wanda a lokacin ya fi kowane kanti girma a duniya, ya nemi ya tsallake binciken hukumar garin Inglewood a Jihar Kalifoniya ta hanyar kai maganar kai tsaye ga ƙuri'ar jama'a, ya kashe kuɗi mai yawa wajen kamfe. Mutanen garin, kusan kashi 60 cikin ɗari, suka ce a'a. Kantin bai ginu ba, filin daga baya ya shiga cikin harabar da aka gina babban filin wasa na SoFi.

Kafin a zuba dakin

To dattawan layi me ya rage musu, tunda ba a aiko musu da wasiƙa? Lokaci ne jarinsu na farko. Ranar da aka fara haƙa ita ce ranar tambaya, cikin ladabi, a gaban mai unguwa: "Alhaji, Allah ya sanya alheri. Muna so mu ga izinin gini da takardar sauya fili zuwa na kasuwanci." Wanda ya bi hanya ba ya jin nauyin nunawa. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba da amsa.

Ƙorafin baki yana bin iska. Wanda ke aiki shi ne rubutacce, da sunan ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci, a kai KNUPDA da ma'aikatar ƙasa, a karɓi kwafi mai hatimin shaidar an karɓa, a ba hakimi nasa. A cikinsa a bar zancen "ba ma so" da zancen asalin mai ginin ko jam'iyyarsa. A faɗi faɗin layin da taku, a sa hoton ruwan bara da ya kwanta a wurin, a faɗi lokacin da yara ke tashi daga makaranta, a nuna tagar da za ta kalli tsakar gida. Inda abin ya shafi cunkoso, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, KAROTA, tana da ta cewa. Inda ya shafi gobara, hukumar kashe gobara tana da tata. Kuma ya fi kyau takardar ta zo da abin da unguwa za ta yarda da shi, domin jami'in da aka ba sharuɗɗa biyar masu yiwuwa ya fi samun abin kamawa a kan wanda aka ce wa kawai ya hana. In duk wannan ya ci tura, kotu na iya ba da umarnin dakatar da aiki, kuma alƙali ya fi sakin hannu a kan rami fiye da a kan bene da aka gama.

Gyaran da ya fi wannan yana hannun Majalisar Dokokin Jiha, kuma ba mai tsada ba ne: a wajabta allo a bakin duk filin da ake son mayarwa na kasuwanci, da lambar fayil, da abin da za a gina, da makonni uku na karɓar ƙorafi, sannan a rubuta dalilin hukunci a inda kowa zai gani.

Duk wannan bayani ya ginu ne a kan zaton cewa unguwar tana cikin taswirar gwamnati, filayenta suna da lamba da takarda. Babban ɓangare na Kano ba haka yake ba. A unguwannin awon igiya, inda mai gona ya yanka gonarsa da dillali da igiya ya sayar, babu layin da aka rubuta "gidan zama" balle a sauya shi, kuma takardar da ke hannun mai gida ita ce ta cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu. Yadda ake raba rigimar shago da gida a irin waɗannan wurare, da abin da ke faruwa ranar da hukuma ta iso da taswirarta, shi ne abin da babi na gaba zai duba.